Mazubin fakiti a kernel: ina za ka tsuke RAM, ina za ka bar kod yadda yake

Mai gyaran direban katin sadarwa a Linux, ko mai ɗora OpenWrt (Linux na rauta) kan rauta mai RAM 64 MB irin na kasuwar Computer Village a Ikeja, tambaya ɗaya ke jiransa: kowane fakiti, wato guntun bayanan da ke bi ta sadarwa, ya samu mazubinsa (buffer) a RAM shi kaɗai, ko a matse?

Fara da mai sauƙin. Fakitin Ethernet mai MTU 1500 (iyakar bait ɗin da yake ɗauka) yana shiga mazubi mai bait 2048, kod ɗin gajere, wurin kuskure kaɗan. Sai ka yi lissafi. Zoben karɓa, wato jerin mazubai da kati ke zuba fakiti a ciki, mai gurbi 256 zai ci 512 KB. Zobe huɗu masu gurbi 4096 kowanne kuwa 32 MB ne, rabin RAM ɗin waccan rauta tun ba a aika komai ba. Duba girman zoben da ethtool -g, ka rage da ethtool -G idan direban ya yarda. Galibi nan maganar ke mutuwa, ba ka taɓa kod ba.

Asarar gaske tana wajen ƙananan fakiti. Saƙon da bai kai bait 100 ba ya zauna a mazubin 2048, kamar fasinja ɗaya a cikin danfo, bas ɗin haya na Legas. Kernel kuma girman mazubin gaba ɗaya yake lissafa wa soket, wato truesize, don haka iyakar tcp_rmem, wato RAM ɗin da aka yarje wa soket na TCP don karɓa, takan cika da wuri. Kunna nstat, mai nuna ƙididdigar sadarwa ta kernel. Idan TcpExtPruneCalled da TcpExtTCPRcvCollapsed suna hawa, na'urar tana fama. Maganin shi ne copybreak: fakitin da bai kai bait 256 ba, a kwafe shi zuwa ƙaramin skb (tsarin da Linux ke riƙe fakiti da shi), a mayar da babban mazubi cikin zobe. Layi kaɗan ne, farashinsa ɗan aikin CPU.

Sarƙa, wato haɗa ƙananan mazubai su riƙe fakiti ɗaya, ita ce ba na ba da shawara a yi gaggawar shiga. BSD tana haɗa mbuf, ƙananan mazubanta masu bait 256, Linux tana rataya guntayen shafin RAM. Cin RAM na raguwa, amma kan fakiti (header) na iya rabewa gida biyu. In ka manta da m_pullup ko pskb_may_pull, masu tattara shi wuri ɗaya, kafin karanta shi, ka karanto shara, kuma ba kullum zai nuna a gwaji ba.

In dole sai ka raba shafin RAM mai bait 4096, yi amfani da page_pool, tsarin kernel na sarrafa shafuka, maimakon ƙirga masu amfani da shafin da kanka, kuma ka rubuta truesize na gaskiya. Direban da ya rage shi yana ruɗin TCP, RAM ta ƙare alhali ss -m, mai nuna RAM ɗin soket, na nuna komai lafiya.