Yadda na dawo da ƙananan ayyukan da suka ɓace daga folda

Alhamdulillahi, matsalar ta warware. Da ma in na buɗe foldar aikinmu a manhajar da muke tsara ayyuka da ita, manyan ayyuka kaɗai nake gani, rahoton mako ma ba ya ƙirga ƙananan. Na duba izinin shiga, na cire sharuɗɗan bincike, ba canji.

Ashe a manhajarmu babban aiki ne ke cikin folda, ƙaramin kuwa a jikin babban yake rataye. Sai na shiga saitin nuni na foldar, na kunna nuna ƙananan ayyuka. Waɗanda nake so rahoto ya ƙirga kuma, na buɗe kowanne na sa masa foldar kai tsaye, ban raba shi da babbansa ba, don kada alaƙarsu ta yanke. Da na sabunta shafin, duk suka fito. Na gode wa abokiyar aikina da ta nuna min saitin.