Kurakuran da aka fi yi da tsofaffin gidajen katako na ƙauyukan Ingila

A ƙauyuka irin su Lavenham a Suffolk da Weobley a Herefordshire akwai gidaje masu ƙashin gini na ok, wani itace mai ƙarfi, da suka haura shekara 500. Kuskuren farko shi ne a ƙiyasta shekarun gida daga fuskarsa. A ƙarni na 18 an rufe fuskokin da yawansu da jan bulo don su yi kama da na zamani. Mai son sanin gaskiya ya hau cikin rufi. In ya tarar da kunkunniya ta baƙanta katakon rufin, alama ce cewa dā murhu a tsakiyar falo yake, hayaƙi na fita ta sama, kafin a soma shigar da bututun hayaƙi a ƙarni na 16. Kada a kankare wannan baƙin, shi ne shaidar.

Haka nan kada a yanke hukunci da katako ɗaya. Ramin da aka sassaƙa a jikin katako don haɗa shi da wani, in babu komai a cikinsa, yakan nuna cewa an ciro itacen daga wani gini. Ƙirga zobban da ke cikin itace don sanin shekarunsa kuwa ba ya ba da ainihin shekarar sara sai an sami ɓangaren da ke dab da ɓawo.

Ɓarna mafi muni ita ce siminti. Tsakanin ginshiƙai saƙar sanduna ce da aka yaɓe da laka da bambaro, sau da yawa har da kashin shanu, aka bi da farar ƙasa. Wannan bango yana shan danshi ya sake shi. Siminti ba ya motsi tare da katako, sai ya tsage a gefe, ruwa ya shiga ya rasa mafita, itacen ya ruɓe ta ciki, ƙwaro ya biyo baya. Wanda ya ga yadda yaɓen siminti ke ɓamɓarewa daga ginin ƙasa bayan damina ya san cutar. Magani: a cire shi a hankali da hannu, a mayar da laka da farar ƙasa.

Baƙin fenti ko kwalta da ake shafa wa katako ma riƙe ruwa suke yi, kuma yawanci yayin ƙarni na 19 ne.

A duba katakon da ke kwance a gindin bango, shi ke fara ruɓewa idan ƙasar waje ta taru ta taɓa shi. A sauke ta aƙalla santimita 15. In ƙarshen ginshiƙi kaɗai ya lalace, kafinta ya yanke wurin ya haɗa sabon ok da turakun itace, kada a jefar da dukan ginshiƙin. Gidan da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi kuma sai da izinin ƙaramar hukuma ake sauya masa wani abu.