Yadda Ake Horar da Masu Tallan La'ada Ido da Ido

Mai tallan la'ada a intanet dillali ne. Kamfani ya ba shi linki mai ɗauke da lambarsa, duk wanda ya bi ta nan ya yi sayayya, sai a yanka masa kasonsa. Wannan bayanin ko a WhatsApp ma ya isa a tura shi. Idan za ka tara mutanenka a ɗaki ɗaya, ka tara su don ka ga hannunsu a kan aiki.

Kwana biyu ko uku kafin zaman, tambayi kowa inda ya maƙale, amsoshin su zama darasinka. Kada ka haɗa sabon shiga da tsohon hannu a zama ɗaya: ɗaya zai yi ta hamma, ɗayan kuma kunya ta hana shi tambaya. A ganina mutum 8 zuwa 12 sun ishi malami guda. Kowa ya zo da waya ko kwamfuta cike da caji, ya kuma gama rajista da kamfanin tun daga gida. Kai ma ka riga su zuwa ka gwada intanet ɗin wurin.

Gabatarwa kada ta wuce minti goma. Daga nan sai aikin linki, kuma nan ne za ka daɗe. Kowa ya zaɓi kaya ɗaya, ya ciro linkinsa, ya tura wa na kusa da shi, wancan ya buɗe ya duba ko lambar abokinsa ta fito. A tsarin Amazon, lambar tana zuwa bayan "tag=" a cikin adireshin. Ka riƙa zagayawa kana leƙa wayoyi. Da wuya ka rasa wanda ya kwafo adireshin shafin kawai, babu lamba a jiki, wato da an bar shi sai ya yi ta talla kyauta. Ka ja kunne: a buɗe, a duba, amma ban da saye. Amazon ba ya biyan la'ada a kan abin da mutum ya saya ta linkin kansa.

Sai ƙa'idoji, a taƙaice. A Amazon, mai saye yana da awa 24 bayan ya danna linki ya saka kaya a kwando in har mai talla zai samu la'ada, wasu kamfanonin kuma suna ba da kwana 30. Sabon mai rajista a Amazon dole ya samu ciniki 3 cikin kwana 180. Kuma kowane talla ya faɗa a fili cewa akwai la'ada a ciki. A Amurka hukumar kula da kasuwanci, FTC, ta wajabta hakan.

Bayan hutu, kowa ya rubuta tallan layi uku ya karanta da ƙarfi. Bari 'yan uwansa su fara gyara masa kafin ka sa baki, sun fi jin maganar juna.

Sannan ka haska a bango shafin da kamfani ke nuna maka lissafin tallanka. Mutum 200 sun danna, 4 sun saya: kashi 2 cikin 100 ke nan. Tambaye su ina matsalar take, a kayan, a rubutun, ko a mutanen da aka tura wa? Bar su su yi gardama. Kuma kada ka yi wa kowa alkawarin abin da zai samu a wata.

Kafin a tashi, kowa ya rubuta aiki ɗaya da zai yi a makon, ku tsayar da ranar haɗuwa ta gaba, kowa ya zo da alƙalumansa.