Kurakuran da aka fi yi wajen gina manhajar rahoto daga samfurin Django

Duk wanda ya taɓa buga `django-admin startproject` a tagar umarni, wato umarnin fara sabon aiki a Django (kayan gina manhajojin yanar gizo da yaren Python), ya san daɗin abin. Layi ɗaya kawai, sai ga folda cike da fayiloli. Ka tayar da `runserver`, ka buɗe 127.0.0.1:8000, ga hoton roka tana tashi sama. A nan ne da yawa daga cikinmu muke ɗauka aiki ya yi rabi. Alhali abin da samfurin, wato waɗannan fayilolin farko, ya ba ka ƙwarangwal ne. Bai san a Kano kake ko a Maraɗi ba, bai san kuɗin mutane za ka ƙirga ba. Yawancin kurakuran da nake gani a manhajojin rahoto suna cikin abin da aka bari yadda samfurin ya kawo shi.

Bari in fara da ƙananan, don ba sa cin lokaci. Kada ka sa wa aikin suna `test` ko `django`, zai yi karo da sunayen da Python da Django suke amfani da su. Idan ba ka so folda ta shiga cikin folda mai suna iri ɗaya, ƙara ɗigo a ƙarshen umarnin: `django-admin startproject shago .` Kafin duk wannan, buɗe keɓaɓɓen muhalli da `python -m venv`, don kayan wannan aiki kada su cakuɗa da na wani. In kuma ka yi `startapp rahoto`, ka rubuta tsarin teburanka, amma `makemigrations` ya ce bai ga wani canji ba, to ka manta ka sa `rahoto` a cikin INSTALLED_APPS ne. Samfurin ba ya yi maka wannan.

Wanda ya fi damuna shi ne agogo. A fayil ɗin saituna, settings.py, za ka tarar an rubuta TIME_ZONE = 'UTC', wato agogon da duniya take auna lokaci da shi, kuma mu a Najeriya da Nijar muna gaban UTC da awa ɗaya. Na taɓa gina wa wani mai kantin magani manhajar lissafin cinikin kowace rana. Kantin yana kusa da asibiti, ba ya rufewa sai dare ya raba. Bayan mako guda ya kira ni, na je na same shi da littafin ciniki a buɗe a kan kanta, yana bin layi da yatsa. Ya ce, "Malam, kuɗin aljihun tebur daidai suke da littafi, amma takardarka ta ce jiya an fi haka, yau kuma an gaza." Har ya fara yi wa yaron da ke kwana a kantin wani irin kallo. Abin da ya faru shi ne, duk maganin da aka sayar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, manhajar tana jefa shi cikin ranar da ta wuce, domin 12:30 na dare a wajenmu 11:30 ne a UTC. Gyaran layi ɗaya ne: 'Africa/Lagos' ko 'Africa/Niamey'. Ka bar USE_TZ a kunne, kuma in kana neman kwanan watan yau, ɗauko shi da `timezone.localdate()`. Har yau ina tuna cewa saura ƙiris layin nan ɗaya ya jawo wa bawan Allah zargin sata.

Kuɗi ma haka. Wajen ajiye kuɗi a tebur, mutane suna zaɓar nau'in gurbin FloatField don ya fi sauƙin rubutawa. Buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. A rasit ɗaya ba a lura, amma in aka tara dubban layuka sai jimla ta fara saɓawa da kwabo. DecimalField ake sa wa naira da sefa, a faɗa masa gurabe nawa ne bayan ɗigo.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Rahoto ya fita lafiya a burauza, mai aiki ya sauke shi a CSV ya buɗe da Excel, sai Ƙanƙara ta koma Æ˜anÆ™ara. Bayanan ba su lalace ba, Excel ne bai gane da tsarin haruffa na UTF-8 aka rubuta fayil ɗin ba. Rubuta fayil ɗin da `utf-8-sig`, wanda yake sa wata 'yar alama a farkonsa, matsalar ta ƙare. A PDF kuma, in da ReportLab (kayan haɗa PDF a Python) kake aiki, salon rubutu na Helvetica da yake zuwa da ita ba ta da ɓ, ɗ, ƙ, ba ta da alamar ₦, sai ka ga baƙaƙen akwatuna a tsakiyar sunan mutum. Ka yi rajistar DejaVu Sans a madadinta. Ni dai ban yarda a cire ƙugiya daga sunan mutum don a huta da gyara ba. Tun ranar farko nake sa Ɗanladi da Ɓaɓura a bayanan gwaji, in ga yadda za su fito a takarda.

Akwai kuma rahoton da yake gudu kamar iska da layi ashirin na gwaji, amma ya tsaya cik bayan wata uku. Dalili shi ne kowane layin ciniki yana komawa rumbun bayanai ya tambayo sunan kaya shi kaɗai, layi 2,000 ya zama tambaya 2,001. Yi amfani da `select_related` a ɗebo su tare, kuma ka bar wa rumbun aikin tara jimla da `aggregate` maimakon ka riƙa zagayawa kana tarawa a Python. Ga wanda yake buɗe shafin a waya da data mai tsada, ka raba teburin shafi-shafi.

Ranar ɗorawa a intanet ita ce ake yin ganganci mafi haɗari. Samfurin yana zuwa da DEBUG = True, kuma idan aka bar shi haka, duk kuskuren da ya faru zai baje wa baƙo shafin nan mai ruwan ɗorawa da sassan rubutun manhajarka da saitunanka. Da ka kashe shi za ka ci karo da abu biyu: kuskure mai lamba 400 saboda ALLOWED_HOSTS, jerin sunayen shafin da aka amince da su, babu komai a ciki, da shafuka tsirara babu ado saboda Django ya daina miƙa fayilolin ado da kansa, kuma ba ka tattara su da `collectstatic` ba. Wasu a nan sai su ji tsoro su mayar da DEBUG. A'a, cika sunan shafinka, ka sa WhiteNoise ko Nginx su riƙa miƙa fayilolin ado, ka kuma ajiye `runserver` ka ɗauki Gunicorn ya riƙa tafiyar da manhajar. SECRET_KEY, mabuɗin sirrin da aka ba ka, yana farawa da `django-insecure-`, sunan kansa gargaɗi ne, canza shi ka fitar da shi daga cikin fayil. Samfurin ba ya ƙirƙirar .gitignore, jerin fayilolin da ba za a tura ba, shi ya sa db.sqlite3, rumbun bayanan da ke ɗauke da sunayen abokan ciniki, yake tafiya GitHub ba a sani ba.

Kuma ka sani, duk shafin da ka rubuta a buɗe yake ga kowa sai ka kulle shi da `login_required`, ko kuma da LoginRequiredMiddleware da ya zo a Django 5.1 a 2024. Kafin ka miƙa aiki, buga `python manage.py check --deploy` ka karanta gargaɗin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka fita daga asusunka, ka karɓi wayar wani, ka buga adireshin rahoton cinikin wata kai tsaye, ka ga ko zai buɗe.