Digiri a hannu, kod ya gagara: inda gizo ke saƙa da yadda za a gyara

Akwai wata 'yar jarrabawa da masu ɗaukar aiki suka daɗe suna yi wa masu neman aikin rubuta manhaja, sunanta FizzBuzz. A sa kwamfuta ta jero lambobi daga 1 zuwa 100. Lambar da ta rabu da 3 a rubuta Fizz a madadinta, wadda ta rabu da 5 a rubuta Buzz, wadda ta rabu da duka biyun a rubuta FizzBuzz. Abin bai kai layi goma ba, amma a nan ido ke raina fata ga wasu masu digiri. Wani ya fara duba 3 kafin 15, sai lamba 15 ta fito da Fizz kawai. Wani ya rubuta range(1, 100) a harshen rubuta manhaja na Python, ya manta cewa a 99 za ta tsaya.

Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, hannu ne bai saba ba. Ɗalibi na iya haddace yadda ake jera bayanai, ya zuba shi a takardar jarrabawa ya ci maki, alhali takarda ba ta taɓa cewa kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, ya ƙi tashi. Ayyukan aji kuma gajeru ne: a rubuta, a miƙa, a manta. Shi kuwa aikin gaske, yawancinsa karanta kod ɗin wani ne da farautar kuskure a ciki.

Gyaran yana farawa da harshe ɗaya. Ka riƙe Python ko JavaScript na aƙalla wata uku, ka daina tsalle-tsalle. Ka zaɓi aiki ɗaya ƙarami mai amfani, misali manhajar rajistar littattafan aro da ke adana bayanai a rumbun bayanai na SQLite, ka riƙa ƙara mata abu kullum, ko na awa ɗaya ne. Bin bidiyon koyarwa kana kwafa layi-layi yaudarar kai ce. In ka kalla, rufe shi ka sake ginawa da kanka.

Tun ranar farko ka sa aikin a Git, wato tsarin da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk ƙaramin canjin da ya yi aiki, ka adana shi da bayani gajere. Ranar da komai ya dagule, umarnin git diff zai nuna maka abin da ka taɓa.

Saƙon kuskure kuwa, kada ka gudu daga gare shi. A Python daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ya faɗi irin matsalar, layukan samansa su nuna fayil da lambar layin. Kafin ka nemi amsa a intanet ko wajen ƙirƙirarriyar basira, ka ba kanka minti 20 kana sa manhajar ta nuna maka ƙimar kowane abu ka ga inda ta karkace.

Sannan ka zama mugun mai amfani da manhajarka. Bar gurbin suna babu komai, sa harafi inda ake son lamba, rubuta suna mai ɗauke da alamar ɗauri irin O'Neil. In rumbun bayanai ya rikice a kan wannan, to kana haɗa umarnin SQL, harshen magana da rumbun bayanai, da rubutun mutane kai tsaye, ƙofar da masu kutse ke shigowa ke nan. Kowane kuskuren da ka kama, rubuta masa gwaji da pytest, manhajar gwada kod ɗin Python, kafin ka gyara shi, don ka ga gwajin ya faɗi tukuna sannan ya wuce.