Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Wasa da Kare da Kyanwa, da Yadda Ake Gyara Su

Karen da ke yayyaga kujera, yana tona ramuka, yana haushi ba gaira ba dalili, galibi zaman banza ne ke damunsa. Haka ma kyanwar da ke dirar wa ƙafar mutum da tsakar dare. Masu kiwonsu da dama sun gane haka, sai su tara musu kayan wasa da abin tauna, wasu har su kafa shingayen tsalle. Sai dai sayen kayan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Raunukan da ake kai wa likitan dabbobi daga wasa sukan taso ne daga abubuwa kaɗan: abin ya yi tauri, ko ya yi ƙanƙanta, ko an fara da wuri, ko kuma ba a san lokacin tsayawa ba.

Zaɓen abin tauna saboda ba ya ƙarewa

Mutane sukan nemi abin da zai daɗe, don haka su ɗauko ƙahon barewa, kofato, ƙashin ƙafar saniya ko roba mai taurin dutse. Abin da ya fi haƙori ƙarfi kuwa, haƙorin zai karya. Wanda ya fi shan wahala shi ne babban haƙorin sama na gefe, wanda kare ke datse nama da shi. Yakan tsage ta gefe, ɓangare ya ɓalle, jijiyar ciki ta fito fili. Abin da ke ruɗar mai kare shi ne dabbar takan ci gaba da cin abincinta kamar ba komai. Sai bayan makonni a ga yana tauna da gefe ɗaya, ko kumburi ya fito a ƙarƙashin ido, alamar tushen haƙorin ya yi ruwa. A wannan matakin sai an cire shi ko an yi masa aiki.

Gwajin mai sauƙi ne. Danna farcen babban yatsanka a jikin abin. Idan bai lotsa ko kaɗan ba, ya yi tauri. Roba mai lanƙwasuwa ita ce ta fi dacewa.

Dafaffen ƙashi kuwa babu sassauci a kansa, musamman na kaza. Wuta tana busar da shi, idan aka tauna sai ya farfashe ya zama tsinke masu kaifi da ke soke dasashi, maƙogwaro ko hanji. Ɗanyen ƙashi bai cika tsagewa haka ba, amma shi ma yana karya haƙori, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, kuma ƙashin ɓargo da aka yanka kamar zobe yakan sarƙe a muƙamuƙin ƙasa, bayan fiƙoƙi, har sai likita ya yanke shi. Busasshiyar fatar shanu da ake naɗewa don tauna matsalarta daban ce: yawu yana jiƙa ta ta yi laushi, kare ya haɗiye babban yanki, yankin ya tsaya a wuya ko a ciki. In za a bayar, a ba da wadda ta fi bakinsa tsayi sosai, a zauna kusa, a karɓe bayan minti 10 zuwa 15, a kuma yar da ita da zarar ta rage girman da zai iya shigar da ita baki gaba ɗaya.

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke zubewa daga wajen wata 3 zuwa 4, na manya guda 42 su gama fitowa wajen wata 6 zuwa 7. A wannan tsakanin dasashinsa na ƙaiƙayi, dole ya tauna wani abu. Ba shi roba mai laushi da aka sanyaya a firij. Kada a ba shi tsohon takalmi, domin ba zai bambanta shi da sabo ba.

Ƙwallo da ta yi ƙanƙanta, da sandar da ake jefawa

Ƙwallon da ta dace da kare yana wata huɗu tana iya shaƙe shi yana shekara ɗaya. Idan tana iya wucewa bayan haƙoransa na ƙurya, ta yi ƙanƙanta, kuma haɗarin ya fi yawa idan ya cafe ta a sama tana jiƙe da yawu. Ƙwallon tanis ga babban kare ba ta da tabbas. Ban da girmanta, gashin jikinta yana riƙe yashi, ya riƙa goge haƙora a hankali idan kare ya mayar da ita abin tauna. A jefa masa ita, a gama, a ɗauke. Ƙwallon roba mai huda ɗaya tak ita ma a guje ta, don iska takan zuƙe harshe ya maƙale a ciki ya kumbura. A nemi mai huda biyu, ko wadda ba ta da huda sam.

Sandar itace ba abin jefawa ba ce. Takan kafe a ƙasa da tsini a sama, kare ya taho a guje baki buɗe ya faɗa mata.

Kayan wasa masu auduga a ciki da ɗan abin ƙara, da igiyar da ta fara warwarewa, na wasa tare da mutum ne kawai. Duba su kowane mako, wanda ɗinkinsa ya buɗe a gyara ko a yar. Idan kana zargin ya haɗiye wani abu, alamun su ne amai a kai a kai, ƙin abinci, kasala, da jin zafi idan an taɓa cikinsa. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, gishirin kansa guba ne gare shi. A kai shi wurin likita ranar.

Zube kayan duka a ƙasa

Abin wasan da ke kwance kullum a wuri ɗaya ya zama kayan ɗaki, dabba ba ta ƙara kallonsa. Fitar da uku ko huɗu, ɓoye sauran, ka sauya su kowane mako. Wanda ya fi so a ajiye shi don lokacin horo.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne ɗaukar cewa gudu kaɗai ke gajiyar da kare. Jefa ƙwallo sau hamsin a jere yana wahalar da kafaɗu da gwiwoyi saboda birki da juyin gaggawa, kuma yakan bar kare a birkice maimakon ya natsu. Aikin hanci ya fi kwantar da shi. Watsa abincinsa cikin ciyawa ya tsince, ko ka naɗe ƙwayoyin abinci cikin tawul, ko ka ɓoye su a kwalaye uku ko huɗu ya nemo. Minti 10 na shinshina yana cin ƙarfinsa ta hanyar da jifa ba ta yi.

Robar da ake cusa wa abinci, irin su Kong, tana da amfani ƙwarai, amma mutane sukan fara da mataki mafi wuya, kare ya gwada ya kasa ya watsar. Fara da busasshen abinci da zai zubo da an mirgina ta. Bayan kwana biyu ko uku a jiƙa abincin ya ɗan manne. Sai ya ƙware sannan a daskarar da ita a firiza na awa 3 zuwa 4. Duk abin da aka cusa a cire shi daga ma'aunin abincin ranar: idan yana cin giram 300, ware 60 don wasa, 240 a kwano. Kayan kwaɗayi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Idan za a shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, a karanta jikin kwalbar, domin sinadarin zaƙi na zailitol yana faɗar da sukarin jinin kare, yana kuma lalata hanta. Cakulan, inabi, zabibi, albasa da tafarnuwa ba sa shiga. A wanke robar da ruwan ɗumi da buroshi bayan kowane amfani.

Wasan ja-in-ja da igiya ba ya mayar da kare mugu, muddin akwai doka. Ja gefe da gefe, ban da sama da ƙasa, ban da ɗaga shi daga ƙasa. Koya masa saki ta hanyar musaya: nuna masa ɗan nama, ya saki, ka ba shi, sannan ka mayar masa da igiyar. Fizge abu daga bakinsa da ƙarfi shi ke koya masa gurnani a kan kayansa, ko saurin haɗiyewa kafin a iso.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce

Wasanta farauta ce: laɓe, bi, cafka, ci. Wanda ke kaɗa mata gashin tsuntsu a fuska ya juya tsarin, domin babu ɓeran da ke tunkarar kyanwa. Ja abin nesa da ita, ya tsaya, ya ɓuya bayan kujera, ya ɗan motsa. Bari ta kama shi lokaci lokaci. Minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, da safe da kuma gab da magariba lokacin da ta fi kuzari, sannan a ba ta abinci. Wannan kaɗai yakan rage tashin dare.

Hasken leza babu abin kamawa a cikinsa, don haka a ƙare wasan da saukar da shi a kan abin wasa na gaske. Ga kare kuwa gara a bar shi gaba ɗaya, wasu sukan kamu da bin inuwa da walƙiyar haske ba ƙaƙƙautawa. Kada a yi wasa da 'yar kyanwa da yatsu, cizon da ke ba da dariya tana wata biyu ba zai ba da dariya tana shekara biyu ba.

Zare, ulu, kirtani da robar ɗaure gashi su ne mafi haɗari. Harshen kyanwa yana da ƙayoyi masu kallon ciki, abin da ya shiga da wuya ta tofar. Kan zaren yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya bi hanji, hanjin ya tattare a kansa har ya yanke. In ka ga zare yana leƙowa ta baki ko ta dubura, kada ka ja. Sandar wasa mai igiya a kulle ta a durowa bayan an gama. Turken kartar farce kuma ya kai wajen santimita 80 don ta miƙe sosai, gindinsa ya yi nauyi. In ya taɓa girgiza da ita sau ɗaya, kujera za ta koma.

Gaggawa a wasan tsallake shingaye

Wannan wasa na gwada zafin nama an fara nuna shi ne a bikin karnuka na Crufts a Ingila a 1978, an kwaikwayo shi daga tsallen dawaki. Abin da ake gani a gasa sakamakon horon shekaru ne, kuma nan ne masu farawa ke tafka babban kuskure: sa ɗan kwikwiyo tsalle. Ƙarshen dogayen ƙasusuwansa guringuntsi ne da ke girma, ba ya rufewa sai wajen wata 12 zuwa 18, na manyan karnuka ne ya fi daɗewa. Dirowa a kai a kai kafin nan tana iya jawo lahanin da ba ya gyaruwa. Shi ya sa a Ingila ba a shigar da kare gasa sai ya cika wata 18. Kafin lokacin akwai aiki da yawa: zuwa idan an kira, zama a jira, bin hannu hagu da dama, taka katako a kwance, ratsa sanduna a ƙasa.

Ga babban kare ma a fara da sanda a ƙasa, sannan a ɗaga ta zuwa tsayin wuyan ƙafarsa ta gaba, a riƙa ƙara santimita 5 idan ya yi mako yana wucewa ba ya taɓawa. Ko a gasar ƙasa da ƙasa shingen manyan karnuka bai wuce santimita 60 ba, don haka babu dalilin gwada iyakar ƙarfinsa. Sandar dole ta zama mai faɗuwa da an taɓa ta. Wadda aka ɗaure ko aka buga da ƙusa tarko ce.

Bututun ratsawa faɗinsa wajen santimita 60 ne. A takure shi ya zama gajere, miƙaƙƙe, yana hango ɗaya bakin, wani ya riƙe shi kai kana kiransa ta can. A danne gefuna da buhunan yashi don kada ya mirgina. Tura shi ciki da ƙarfi yakan sa ya ƙi bututu na tsawon watanni. Turakun zagaye, waɗanda ake kafawa a jere kare ya riƙa ratsa tsakaninsu hagu da dama, guda 12 ne a gasa, tazarar santimita 60, kuma kare yana shiga ne turken farko yana gefen kafaɗarsa ta hagu. Jan shi da igiya tsakaninsu ba ya koya masa komai. A jera su layi biyu da hanya a tsakiya ya ratsa a miƙe, a riƙa matso da layukan kaɗan kaɗan har su haɗe. Katakon lilo kuwa, wanda ke rinjaya ya bugi ƙasa idan kare ya wuce tsakiyarsa, ƙarar bugunsa ce ke firgita kare, don haka a tallafe shi da hannu ya sauka a hankali, ana ba shi lada duk lokacin da ya buga.

Ƙasa ma tana da muhimmanci. Tayil da siminti suna sa zamewa da bugun gaɓoɓi, gajeriyar ciyawa ko shimfiɗar roba ta fi. A cire igiya da duk abin da ke lilo a wuyansa. A fara da tafiya da sassarfa na minti 5 zuwa 10 don jiki ya ɗumama, horon kansa kuma minti 5 zuwa 10 ya isa. Kare mai ƙiba ya fara rage nauyi tukuna, mai ɗingishi kuma likita ya gan shi.

Jiran kare ya ce ya gaji

Ba zai ce ba. Kare mai son ƙwallo zai bi ta har ya faɗi. Ba ya zufa sai kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya wajen digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Masu gajeren hanci irin su bulduk da fug su suka fi saurin kamuwa. Harshe ya faɗaɗa ya zazzago, yawu ya yi kauri, ya fara neman inuwa ko yana tangaɗi: a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan sanyi a jiki, a sa shi gaban fanka, a nufi likita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin. Kafin fita a ɗora bayan hannu a kan kwalta na daƙiƙa 7, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma zai ƙone.

A kuma bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da guje-guje, musamman ga manyan karnuka masu zurfin ƙirji, waɗanda tumbinsu kan cika da iska ya murɗe. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, yana kai da kawowa ya kasa kwanciya, wannan aikin tiyata ne na gaggawa, ba a jira gari ya waye.