Kurakuran da aka fi yi wajen karanta hotunan Landsat da Sentinel-2

Tun da Amurka ta saki hotunan tauraron ɗan adam na Landsat kyauta a 2008, duk mai intanet zai iya bin yadda daji ko tafki ya canza tun daga 1972. Turai ma ta harba Sentinel-2 a 2015, hotunansa kyauta ne. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ɗalibai da ma'aikatan muhalli suna ɗora rahoto guda a kan hoton da ba su karanta daidai ba, alhali da irin rahotannin nan ake zaɓar inda za a yi dashen itatuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa rani da damina. Mutum ya ɗauko hoton Satumba na wata shekara, ya jera shi da na Maris na bayan shekara ashirin, ya ce hamada ta cinye gari. Ko a shekara ɗaya ka jera waɗannan watanni biyu, abin da za ka gani ke nan. Ka zaɓi wata ɗaya, ka bi shi shekaru da dama a jere, domin fari na shekara guda yana iya ruɗinka.

Tafkin Chadi ya fi shan wannan kuskure. Yawancin ruwansa daga kogin Shari da Logone yake zuwa, kuma sai bayan damina ta ɗauke, wajen ƙarshen shekara, yake cika. Ga shi ciyayi sun lulluɓe ruwan a wurare da yawa, daga sama sai ka rantse tudu ne. Gaskiya ne tafkin ya ja baya ƙwarai a lokacin fari na shekarun 1970 da 1980, amma wanda ya ƙirga ruwan da ke fili kaɗai zai rage masa girma.

Sai ɗaukar duk wani kore a matsayin alheri. A fadamun Haɗeja zuwa Nguru, koren da ke cika ido a hoto sau da yawa kachalla ce, wadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta wucewa da kwalekwale, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye shinkafa. Ma'aunin NDVI, wanda ake auna koren ƙasa da shi a hoto, yawan ganye yake nunawa, bai san amfanin gona daga ciyawa ba. Maganin wannan tattaki ne: ka je wurin, ka ɗauki lambar GPS, ka tambayi manomi.

Idan ka ga daji ya fito ja wur, ba gobara ba ce, haɗin launi ne da ke nuna ganye da ja. Layukan da babu komai a hotunan Landsat 7 kuwa, wata na'urarsa ce ta lalace a Mayun 2003. Gajimaren Agusta da hazon hunturu su ma suna ɓata lissafi. Ka tace su, ko ka nemi Sentinel-1 mai rada, wanda gajimare ba ya tare shi.

Akwai kuma neman abin da hoton ba zai iya nunawa ba. Ɗigo ɗaya cikin ɗige-ɗigen da suka haɗu suka zama hoton Landsat, a ƙasa mita 30 ne tsawo da faɗi, na Sentinel-2 mita 10. Bishiya guda a tsakiyar gonar gero narkewa take yi cikin launin ƙasa. Shi ya sa itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka raya a gonakinsu suka daɗe ba a lura da su daga sama ba. Gawo ma nasa halin daban ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. In gawo kake son ƙirgawa, ka nemi hoton Janairu ko Fabrairu mai ƙananan ɗigo, lokacin da an gama girbi, gona ta zama fili, kowace bishiya tana tsaye da inuwarta.